Zauren Bayan Isha'i

Bayan isha'i nake buɗe zaure,
in rataye fitilar sola da na sayo a Haɗeja,
in goge allon da na shafe da baƙin batir.
Su bakwai ne, daren kasuwar Auyo su koma huɗu.
Ladana ba shi da ƙa'ida:
wani dubu biyu in wata ya mutu,
wani tiya uku ta shanshera,
uwar Barira kuwa man gyaɗa take aikowa
a kwalbar da sai an mayar mata.

Dayyabu bakin ƙofa yake zama,
farcensa baƙi, rigarsa na warin fetur.
Sau biyu lissafi yana kayar da shi a jarrabawa.
Ubansa ya zo da kansa, ya cire takalmi, ya tsuguna:
"Malam, likita nake so ya zama.
Maraƙin nan ma don shi na sayar."
Na ce, "Allah ya nufa."
Me ake ce wa mutumin da ya sayar da maraƙi?

Wata uku muna kokawa da haruffa da lambobi.
In rubuta, ya kwafa,
in tambaya, ya dubi azara
kamar amsar na maƙale tsakanin gara da ƙasa.
Na fara ƙirga shi cikin asara.

Sai ran da injin ban-ruwana ya shaƙe a fadama,
alkama ta fara sunkuyar da kai.
Ga Dayyabu zai wuce a keke.
Bai taɓa injin ba tukuna,
ya ce in ja igiya, ya kasa kunne,
kamar mai sauraren ƙirjin jinjiri.
Ya kwance, ya hura, ya ɗaure, ruwa ya taso.
Yana goge hannu da ciyawa ya ce,
"Malam, mesarka ta yi wa injin nan tsawo.
Rage taku goma sha biyu,
litar da ke kai ka azahar za ta kai ka la'asar."
Na ce wa ya lissafa maka?
Ya yi dariya: "Wannan ai ba lissafi ba ne."

Daren nan ban yi barci da wuri ba.
Shekara talatin ina shaƙar ƙurar alli,
ni da na so zama mai awon ƙasa,
ba wanda ya tambaye ni, ban kuma faɗa ba.

Washegari na zana rijiya a allo,
na zana mesa, na zana kadada.
Harafin da ya gagare shi na ce fetur ne,
ɗayan kuma awannin ban-ruwa.
Ya taso daga bakin ƙofa,
ya karɓi allin daga hannuna.

Zuwa wajen uban ne ya fi nauyi.
Na same shi yana gyaran rumbu.
Na ce akwai makarantar da ake koyon injuna,
ina da takardar shiga a aljihu.
Ya daɗe yana murza igiyar rama a cinya.
"Wato bakanike."
Na ce, "Injina nawa ke fadamar nan, Alhaji Nadabo?
In sun yi ciwo, wa ke duba su?"
Bai amsa ba. Bai kuma raka ni ba.

Yau kwana tara.
Takardar na cikin littafin rajista, gefenta ya fara naɗewa.
Barira ta ce ita ungozoma za ta zama,
na rubuta, don yanzu tambayarsu nake ɗaya ɗaya.
Ɗazu da magariba ƙanin Dayyabu ya yi sallama,
ya ajiye tiya uku kamar kullum,
ya juya, ya dawo:
"Baba ya ce wai hoto nawa ake liƙawa?"